RA'AYINMU: Komawa Aji Bayan An Daɗe A Ofis

A 'yan shekarun nan wata magana ta yawaita a bakin yayyenmu da suka riga mu fita daga jami'a, musamman waɗanda suka yi shekara bakwai, takwas, har goma suna aiki a ma'aikatun gwamnati. Kowa ka taɓa sai ya ce maka yana neman hanyar komawa makaranta ya yi digiri na biyu a fannin sarrafa kuɗi, domin ya sami shiga ɗaya daga cikin bankunan nan na raya ƙasa, watau irin su Bankin Duniya da ke Washinton, ko Bankin Raya Afirka da ke Abijan, ko Bankin Musulunci da ke Jidda, ko kuwa namu na gida. Injiniyan ruwa yana faɗin haka, malamin gona yana faɗi, akawun baitulmali yana faɗi, har da ma'aikaciyar lafiya wadda ta gaji da ganin asibiti babu magani. Tun da yake mafi yawan masu karanta wannan mujalla ko dai ɗalibai ne da za su tarar da wannan mararraba nan da 'yan shekaru, ko kuma ƙananan ma'aikata da suka riga suka iso gare ta, mun ga ya wajaba mu faɗi abin da muka gani a kai.

Mu dai muna goyon bayan komawa. Gemu ba ya hana ilmi, kuma ƙasar nan tana cikin tsananin bukatar mutanen da suka san yadda ake auna aiki kafin a ci bashi dominsa. Amma goyon bayan namu yana da sharaɗi. A ganinmu babban abin da ma'aikaci mai shekara goma a bakin aiki zai kai wa bankin raya ƙasa shi ne sanin da ya tara na gona da kasuwa da halin mutanen karkara. Digirin kuwa harshe ne kawai da zai sa a saurare shi idan ya yi magana. Saboda haka duk wanda zai sayi wannan digiri da tsadar da za ta tilasta masa ya rabu da wancan sani, ko ya guje wa aikin da ya ce dominsa ya tafi, to ya yi cinikin hasara, ko da kuwa ya dawo da takarda mai hatimin zinariya.

Bari mu fara da bayyana irin aikin, domin da yawa daga cikinmu suna jin sunan ne kawai. Bankin 'yan kasuwa yana karɓar ajiyar mutane ya ba da rance na 'yan watanni ko 'yan shekaru, kuma abin da ya dame shi shi ne jingina da riba. Bankin raya ƙasa kuwa gwamnatoci ne suke zuba masa jari domin ya ba da rancen da bankin 'yan kasuwa ba zai yarda ya bayar ba: na madatsar ruwa, na hanya, na wutar lantarki, na masaƙa, na ƙananan manoma. Irin wannan rance yakan ɗauki dogon lokaci, wani har shekara talatin ko fiye, da sassaucin kuɗin ruwa, da 'yan shekarun hutu kafin a fara biya. Ba baƙon abu ba ne gare mu. Da rancen Bankin Duniya na 1964 aka soma gina madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968. Kamfanin Raya Arewa da ke Kaduna, wanda tushensa ke komawa 1949, yana cikin waɗanda suka zuba jari a masaƙar Kaduna ta farko a 1957. An sa hannu kan yarjejeniyar kafa Bankin Raya Afirka a Hartum a 1963, bankin ya tabbata a 1964, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan hannun jari a cikinsa. A 1976, zamanin da kuɗin mai ya yi ambaliya, har asusu na musamman ta buɗe a bankin da dala miliyan 80 domin taimakon ƙasashen Afirka masu ƙaramin ƙarfi. Bankin Musulunci ya buɗe ƙofa a Jidda a 1975, ko da yake Nijeriya ba ta shige shi ba sai 2005.

To, a cikin kowane irin wannan banki akwai wani ɗaki inda ake zama a duba takardar aiki a ce a yi ko kada a yi. Mutanen da ke cikin wannan ɗaki su ne suke ƙiyasta abin da aikin zai ci da abin da zai haifar, su ne kuma suke yanke abin da za a sa cikin lissafi da abin da za a bari a waje. Abin da aka bari a waje shi ne yake kashe mutane.

Ga Bakolori nan, ta ishe mu misali. An gama wannan madatsa a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978. Gwamnatin Tarayya ce ta ba wani kamfanin Italiya mai suna Impresit aikin, ba wani bankin raya ƙasa ne ya tsara shi ba, amma irin lissafin da aka yi shi ne irin wanda ake yi a waɗancan ɗakuna. An lissafa kadada nawa za a shayar, da buhun alkama da shinkafa nawa za a samu. Ba a lissafa da kyau ba abin da zai sami dubban mutanen da ruwa ya cinye garuruwansu, da waɗanda aka karɓe gonakinsu aka riƙe shekara da shekaru ana baje ƙasa ba su noma ba, ba kuma a biya su diyyar kirki ba. Ba a kuma lissafa manoman fadama da ke ƙasan madatsar ba, waɗanda shinkafarsu da kifinsu suka dogara ga ambaliyar kowace damina, ambaliyar da madatsar ta tare. Da manoma suka gaji da jira suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Manoma da masu bincike da suka bi sawun abin daga baya suka ce ɗaruruwa ne. Duk wani malamin gona da ya taɓa zama a fadamar Rima zai iya faɗa wa masu lissafin cewa ambaliyar da suke kira ɓarna ita ce abincin mutane. Amma malamin gona ba ya cikin ɗakin, kuma da an shigar da shi, da bai san yadda zai mai da abin da ya sani ya zama lamba a kan takarda ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce hujjar digirin, kuma an gwada an gani. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka je dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda madatsar Tiga ta 1974 ta rage masa ruwa, suka zauna suka sa kuɗi a kan abubuwan da ba a saba sa musu kuɗi ba: shinkafar fadama, da kifi, da itacen wuta. Da suka kwatanta da amfanin da ake samu a gonakin noman rani na Kadawa, sai lissafi ya nuna cewa kowace ma'aunin ruwa ta fi amfani nesa ba kusa ba idan aka bar ta ta malala dausayi. Masunta da manoman Nguru sun daɗe da sanin haka. Amma sai da aka faɗe shi da harshen masu kuɗi sa'an nan ya shiga kunnen masu tsara ayyuka. Daɗin daɗawa, aikin da ya fi taɓa ƙaramin manomi a Arewa cikin shekarun da suka biyo baya, watau shirin Fadama da Bankin Duniya ya ba da rance dominsa tun daga farkon shekarun 1990, ba a kan wata gagarumar madatsa aka gina shi ba. Ƙaramin injin ban ruwa ne da 'yar rijiyar burtsatse wadda manomi zai iya saye ya gyara da kansa, kuma dabarar ta fito ne daga gwaje-gwajen da ma'aikatan shirye-shiryen raya aikin gona suka yi a filin daga, shirye-shiryen da aka soma a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, kuma kafin a dakatar da irin waɗannan shirye-shirye bayan canjin shugabancin bankin a 2023, kuɗin da aka fitar ya haura Naira tiriliyan ɗaya. A 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya. Babban Banki ya musa, ya ce kashi 52 ne. Ko wanne aka ɗauka, kuɗin jama'a mai ɗimbin yawa bai dawo ba. Wanda ya yi aiki da manoma ya san dalilan tun kafin a buga rahoto: taki da iri sukan iso bayan an wuce lokacin shuka, sunayen waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba sukan shiga jerin manoma, ambaliya da 'yan bindiga sukan cinye abin da aka noma, kuma a ƙauyuka da yawa an ɗauki rancen a matsayin rabon gwamnati, musamman da yake yakan zo kusa da zaɓe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana da suna da magani a ilmin sarrafa kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma sai ya koyi jinka kafin ya iya gyarawa.

Me ake koya a wannan digiri? Ana koyon cewa Naira ɗari ta yau ta fi Naira ɗari ta bayan shekara goma daraja, da yadda ake auna bambancin. Ana koyon bin sawun kuɗi wata bayan wata, a ga ko aikin zai iya biyan bashinsa a lokacin da bashin ya nuna, domin aiki mai riba ma yana iya mutuwa idan ranar biya ta riga ranar girbi zuwa. Ana koyon raba haɗari tsakanin gwamnati da banki da ɗan kasuwa, da ba da lamuni, da inshorar amfanin gona, da haɗarin cin bashi da dala alhali kuwa abin da za a samu da Naira zai shigo. A ɓangaren Musulunci ana koyon murabaha da ijara da istisna'i da salam da sukuk. Wanda ya yi karatun zaure zai yi mamakin ganin babin ciniki da ya karanta a gaban malam ya dawo masa cikin kwamfuta, domin salam ɗin nan, watau biyan kuɗi yanzu a karɓi amfanin gona da kaka bisa sharuɗɗa sanannu, tsohon abu ne a littattafan fiƙihu; da sukuk kuma Gwamnatin Tarayya ta tara Naira biliyan 100 a 2017 domin gyaran hanyoyi. Karatu ne mai lissafi da ƙididdiga, kuma gaskiya ita ce wanda ya rabu da lissafi tun aji biyar na sakandare zai sha wuya a watannin farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyya ya soma bitar lissafinsa shekara guda kafin ya cika fom.

Mun san akwai 'yan'uwanmu a cikin ƙungiya da za su ce duk wannan neman shiga ne cikin rundunar masu bautar da mu. Ba mu raina wannan magana ba. Ɗaliban ƙasar nan ne suka fito kan titi a 1989 suna adawa da shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Babangida ta ɗauka a 1986 da goyon bayan Bankin Duniya da Asusun Lamuni, shirin da ya karya darajar Naira, ya kuma sa albashin iyayenmu ya zama abin dariya. Tarihi bai wanke waɗannan bankuna ba. Amma kujerar da muka ƙi zama a kai ba ta zama babu kowa, wani ne yake zama, kuma rancen ana cinsa da sunanmu ko muna ɗakin ko ba ma nan. A 2005, sa'ad da Nijeriya ta daidaita da ƙungiyar masu bin bashi ta Faris aka yafe mata kimanin dala biliyan 18 ta biya kimanin biliyan 12, waɗanda suka ja ragamar cinikin mutane ne da suka san masu bin bashin daga ciki: Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta daɗe a Bankin Duniya kafin ta zama Ministar Kuɗi, da Dokta Mansur Muhtar, wanda yake shugabancin Ofishin Kula da Basussuka a lokacin, shi ma ya yi aiki a Bankin Duniya, daga baya ya zama Ministan Kuɗi, ya kuma riƙe muƙamin mataimakin shugaba a Bankin Musulunci. Ana iya jayayya a kan ko biyan biliyan 12 a tashi ɗaya shi ne daidai, kuma an yi jayayyar. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ba a iya yin irin wannan ciniki da wanda bai san lissafin ba. Zuwa ƙarshen 2023 bashin da ake bin Nijeriya a waje ya sake haura dala biliyan 40, watau dai za a sake bukatar masu zaman ciniki.

Yanzu sai mu zo ga sharaɗin namu. Wanda yake so ya koyi auna bashin ƙasa, to aikin farko da za a ba shi ya auna shi ne kansa. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen Naira 460. Zuwa Fabrairu na 2024 ta wuce Naira 1,500, fam ɗin Ingila kuwa ya kai ga haura Naira 2,000 a cikin shekarar. Kuɗin makaranta kaɗai na digiri na biyu a fannin kuɗi a Ingila, ga ɗalibin da ya zo daga waje, ba kasafai yake kasa fam 20,000 ba, kuma a manyan makarantu ya ninka haka. A farashin 2024 wannan Naira miliyan 40 ke nan, ba a sa kuɗin ɗaki da abinci da jirgi da biza ba. A ɗauka ma'aikaci yana karɓar Naira 200,000 a wata, abin da ya kusa ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 sau uku: sai ya yi fiye da shekara goma sha shida bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin makarantar. Kuma haɗarin nan na cin bashi da kuɗin waje da za a koya masa a aji, shi ne zai fara cin sa tun kafin ya shiga ajin. A 2024 jaridu suka ba da labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da ke arewacin Ingila waɗanda faɗuwar Naira ta narkar da ajiyarsu, suka kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci, aka dakatar da karatunsu, har aka umarci wasunsu su bar ƙasar. Bugu da ƙari, tun daga Janairu na 2024 Ingila ta hana mafi yawan masu irin wannan digiri na shekara ɗaya zuwa da iyalinsu. Saurayi ɗan shekara ashirin da uku ba ruwansa da wannan doka. Magidanci mai 'ya'ya huɗu da tsofaffin iyaye, ko matar aure mai goyo, su ne za su san nauyinta.

Mun ga gidaje da filayen gado da aka sayar saboda wannan tafiya. Abin da ya fi damun mu kuwa shi ne abin da bashin yake yi wa niyya. Mutum ya tashi da nufin ya dawo ya gyara rancen manoma, amma ya dawo da bashin fam a wuyansa, bashin da albashin Bankin Manoma da ke Kaduna ba zai taɓa biya ba. Daga nan sai ya soma neman duk aikin da ke biya da kuɗin waje, ko ya zauna can yana aikin da ba shi da alaƙa da karatunsa, shekara ta bi shekara. Ba mu ce laifinsa ba ne. Bashi ne yake zaɓar masa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fid da shi.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa masu wannan buri ba. Ƙofar da sababbin masu digiri suke bi su shiga manyan bankunan, watau shirin ɗaukar matasan ƙwararru, ƙunƙuntar ƙofa ce, dubbai suke nema a ɗauki 'yan kaɗan, kuma Bankin Raya Afirka ya daɗe yana ƙayyade shekara 32 ga mai nema. Wanda ya gama jami'a yana da shekara ashirin da biyar, ya yi bautar ƙasa, ya yi shekara takwas a ofis, ya riga ya wuce wannan ƙofa. Tasa ƙofar dabam ce: ta ƙwararre a wani fanni, wanda ake ɗauka domin ya san ban ruwa, ko kiwo, ko wutar lantarki, ko sayen kayan gwamnati bisa ƙa'ida, sa'an nan kuma ya iya karanta lissafin aiki. Saboda haka injiniyan da ya watsar da injiniyancinsa domin ya zama cikakken ɗan banki ya jefar da makaminsa, ya shiga gasa da yaran da suka girme shi a lissafi suka kuma ƙanƙance shi a shekaru. A duba ma shugabannin: Dokta Akinwumi Adesina, wanda ya shugabanci Bankin Raya Afirka daga 2015 zuwa 2025 kafin Sidi Ould Tah na Muritaniya ya gaje shi, masanin tattalin arzikin aikin gona ne, kuma ta hanyar noma ya bi har ya kai can.

To, ina mafita? Idan tafiya waje ce, a neme ta da kuɗin wani. Tallafin Chevening na gwamnatin Ingila yana biyan kome, yana bukatar mai nema ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki, kuma ya yi alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan ya gama. Tallafin haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya an yi shi ne musamman domin ma'aikatan da suka yi shekara uku ko fiye a aikin raya ƙasa. Bankin Musulunci ma yana da nasa. A duk waɗannan shekarun da mutum ya yi a ofis su ne jarinsa, kuma abin takaici shi ne 'yan'uwanmu da yawa ba sa nema, ko su nema a daren ƙarshe da takardar da wani ya rubuta musu. Akwai kuma jami'o'in Afirka ta Kudu, irin su Stellenbosch da Cape Town, da suke da digiri na biyu a kan kuɗin raya ƙasa kansa, wanda aka tsara domin masu aiki su riƙa zuwa suna komawa. A nan gida Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin banki da kuɗi na Musulunci da makarantar kasuwanci, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa tun zamanin da ake horar da akawuna da ma'ajin En'e a Kongo take wannan aiki. Mun san ana raina takardar gida. Amma wanda ya yi karatunsa da yamma ko a ƙarshen mako, yana riƙe da aikinsa, ya rubuta kundinsa a kan ainihin aikin da yake yi da rana, ya fita babu bashi, to shi ne yake da 'yancin zaɓar inda zai yi aiki. Mu ƙara da wata 'yar shawara da ba ta cin kuɗi sosai: a koyi Faransanci. Da Turanci da Faransanci ake aiki a Abijan, kuma abin kunya ne a ce muna da Maraɗi da Damagaram a bayan gida amma harshen da 'yan'uwanmu na can suke karatu da shi ya zama shi ne shingenmu.

Ba kuma a Abijan da Washinton kaɗai aikin yake ba, kuma wannan ya kamata ya shiga kunnen kowa. Bankin Raya Nijeriya, wanda ya soma aiki a 2017, ba ya ba mutum rance hannu da hannu. Ta bankunan 'yan kasuwa da ƙananan bankuna yake bi. A 2023 Sanata Ali Ndume ya kai ƙara Majalisar Dattawa cewa kaso mafi tsoka na rancen ya tafi Legas, Arewa kuwa ɗan abin da ta samu bai taka kara ya karya ba. Ƙorafin yana da tushe, amma fushi kaɗai ba zai gyara ba, domin banki ba ya ba da rance sai ga wanda ya zo da rajista, da littafin shiga da fita, da tsarin yadda zai biya. Mai injin casar shinkafa a Kura, da mai matsar gyaɗa a Dawanau, da ƙungiyar mata masu adashi, suna da cinikin da ya fi na wasu kamfanonin Legas lafiya, amma ba su da takarda, ba su kuma da wanda zai shirya musu ita. Haka ma jihohinmu: sau da yawa rance yakan zauna shekaru ba a taɓa ba saboda jiha ta kasa cika sharuɗɗan fitar da kuɗin, ko ta kasa zuba nata kason. Wannan giɓi a Kano yake, da Katsina, da Dutse, da Gusau, kuma masu irin digirin da muke magana a kai ne za su cike shi.

A nan ne muke da magana da gwamnatocin jihohi. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi hutun karatu, da albashi ko babu albashi, tare da yarjejeniyar cewa mutum zai dawo ya yi wa gwamnati aiki na wani lokaci. Amma kowa ya san yadda abin yake tafiya: takardar neman hutu takan yi watanni a kan tebur sai mai uwa a gindin murhu, wanda kuma ya samu ya je ya dawo, sau da yawa sai a mai da shi kujerar da ya bari, ko a tura shi wani sashe da ba ruwansa da abin da ya koyo, har ya gaji ya ajiye aikin. Gwamnati ta biya albashin shekara biyu ta horar wa wani banki ma'aikaci ke nan. Muna kira ga shugabannin ma'aikata da hukumomin ba da tallafin karatu su ware gurabe kowace shekara domin ma'aikatan gona da ruwa da lafiya da ayyuka waɗanda suka yi shekara biyar zuwa goma, a zaɓe su ta jarrabawa a fili, kuma a rubuta cikin yarjejeniyar tun kafin su tafi wane ofis za a kai su idan sun dawo: ofishin kula da bashin jiha, ko sashen tsare-tsare, ko ofisoshin da ke gudanar da ayyukan rancen waje. Yarjejeniya ta ɗaure gwamnati kamar yadda take ɗaure ma'aikaci.

Ga hukumomin jami'a kuwa roƙonmu bai da tsada. Ɗalibin da ya bar ofis da ƙarfe huɗu ya shigo aji da ƙarfe biyar ba ya bukatar a karanta masa misalan kamfanonin Amurka daga littafin da aka buga shekara ashirin da suka wuce. Rahotannin da Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka suke rubutawa kafin a soma aiki da bayan an gama shi suna nan a intanet kyauta, har da na ayyukan da aka yi a jihohinmu. A ɗauko na Fadama, a ɗauko na hanyoyin karkara, a ba ɗalibai su sake lissafin da kansu, sa'an nan a ɗauke su a mota a kai su wurin su tambayi mutanen garin ko abin da rahoton ya ce an yi yana nan. Daga Kano zuwa Kadawa ba ta kai tafiyar sa'a biyu ba, kuma motar ƙungiya tana iya ɗaukar mutum goma sha takwas.